Hannu Kafin Keke: Koya wa Yara Ginin Tukwane a Ƙasar Daura

Tsakure

Wannan takarda ta dubi shawarar kai keken ginin tukwane makarantu da cibiyoyin koyon sana'a domin yara, ta auna ta da yanayin ƙasar Daura. Ta bi yadda yaro ke tashi da sana'ar a gidan magina, ta waiwayi abin da ya faru lokacin da aka kawo keken garin Abuja na da, wato Suleja ta yau, sannan ta duba abin da keken ke buƙata na yumɓu da wuta da shekarun koyo. Matsayar takardar ita ce keken yana da amfani ga yaranmu, amma bayan hannunsu ya faɗa da ginin gargajiya, kuma domin wasu kayan daban da waɗanda magina suka saba yi.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai gini da keke ya san abin da ke ɗaukar ido. Curin yumɓu ne a kan faifai, ana harba faifan da ƙafa yana juyawa, mutum ya jiƙa hannu ya dafa, kafin ka ankara kwano ya tashi tsakanin yatsunsa. Ba laifin jami'in ilimi ba ne idan ya ga haka ya ce ga abin da ya kamata a kai wa yaranmu. Ni ma ina so a kai musu. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne: a wace shekara za a ɗora yaro kan keken, da wace ƙasa zai yi aiki, da wace wuta za a gasa abin da ya gina, kuma wa zai saya?

Na ɗauki ƙasar Daura ne saboda waɗannan tambayoyi sun fi tsanani a nan. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5: Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango. Ƙasa ce ta jigawa a bakin iyakar Nijar, damina gajera, rani dogo, yumɓu sai a fadamu da bakin tafkuna, itace kuwa kowa ya san tsadarsa. Ga kuma zafin bazara da ƙarancin wutar lantarki, abin da ya sa randa ba ta bar gidajen mutane ba har yau. Ko a labarin Bayajidda, inda aka ce macijin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, mai nazari zai iya tambayar kansa a cikin me mutanen garin ke adana ruwan mako guda. Takardar ta dogara da abin da masana suka rubuta, da kuma abin da na gani da idona a gidajen magina.

Yadda yaro ke tashi da sana'ar

Ginin tukwane a Afirka ta Yamma ya girmi keken da kansa. A Ounjougou ta ƙasar Mali an tono tsingaro da ya haura shekara 11,000, alhali keken ya bayyana ne a yankin Iraƙi ta yau shekaru sama da 5,000 da suka wuce. Bai shigo ƙasashenmu ba sai zamanin Turawa. Mutanen Nok sun yi gumakansu ba tare da shi ba, haka maginan Sakkwato da W. E. Nicholson ya rubuta labarinsu a mujallar Man a 1929, haka maginan Mirriya kusa da Damagaram waɗanda sunansu ya kai nesa. Saboda haka rashin keke a wurinmu ba giɓi ba ne da ake jiran wani ya zo ya cike. Wata hanya ce ta daban, cikakkiya, mai tsarin koyarwarta.

A ƙasar Hausa maza na yin sana'ar, mata ma na yi, ya danganta da gari da gida. Yaro ba ya farawa da gini. Yana farawa da wasa: 'yan mata su ƙera ƙananan tukwane na tuwon ƙasa, maza su yi shanu da raƙuma da lakar bakin kududdufi. Ba mai ce musu sun yi daidai ko ba su yi ba, amma a nan yatsu ke sanin lakar da ke riƙewa da wadda ke tsagewa in ta sha rana. Daga nan sai aike: ɗebo ruwa, tsince tsakuwa da saiwa daga cikin ƙasa, dakan tsingaro a turmi, tankaɗe shi, tattake yumɓu da ƙafa har ya haɗe. Wanda bai san sana'ar ba zai ce wahalar da yaro ake yi. Amma a nan rabin ilimin yake. Magina kan haɗa yumɓu da dakakken tsingaro ko ƙaiƙayi ko kashin jaki, kowane gida da abin da ya saba, kuma ba da mudu ake aunawa ba. Tafin ƙafa da tafin hannu ne ke cewa ya isa.

Na zauna a wani gida a ƙasar Daura ina kallon wata yarinya da ba ta wuce shekara 10 ba tana gina kasko a gefen kakarta. An kifa mata tsohuwar tukunya a ƙasa, ta barbaɗa toka a bayanta don kada sabon yumɓu ya manne, ta fakaɗa curinta ta ɗora, ta riƙa bubbugawa tana zagaya tukunyar da ƙafarta. Wato ita ce ke juyawa, ginin yana zaune wuri guda. Da ta gama, tsohuwar ba ta ce uffan ba. Ta miƙa hannu ta shafa, ta tsaya a wani gefe, ta kama ɗan yatsan yarinyar ta ɗora a wurin, ta ce, “Kin ji nan, uwata? Ya fi can kauri. Wuta ba ta yafe wannan.” Yarinyar ta ƙara bugun wurin. Darasin ke nan gaba ɗaya, kuma babu littafin da zai iya bayar da shi, domin a fatar yatsa aka karanta shi.

Bayan kasko da asusu sai ƙaramar tukunya, sai a koyi ɗora wuya da murɗaɗɗen yumɓu, a gyara baki da jiƙaƙƙen tsumma, a shafa jar ƙasa, a goge da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare har jikin ya yi sheƙi, a birgima igiya ko totuwar masara a fitar da ado. Tulu da randa sai an daɗe. Na ƙarshe shi ne matoya, inda ake jera kayan a lulluɓe su da kara da ciyawa da kashin shanu a cinna wuta. Sanin jeri, da sanin iska, da sanin lokacin da wuta ta isa, ba a damƙa wa yaro shi sai ya zama mutum. Olivier Gosselain, wanda ya daɗe yana nazarin magina a Kamaru da kudancin Nijar, ya nuna cewa a duk matakan sana'ar, yadda ake tayar da jikin tukunya shi ne ya fi wuyar canzawa, domin da ƙuruciya ake koyonsa a hannun na kusa, ya zauna a jiki. Ado kan canza, kasuwa kan canza, amma hannun farko yana nan.

Wannan tsari yana raguwa, kuma dalilan a fili suke. Roba da jarka sun ture tulu, tukunyar ƙarfe ta ture ta ƙasa a yawancin madafai. Yaro yana boko da safe, Islamiyya da yamma, ba shi da dogon zaman da ake yi a gefen kaka. Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba: a tsarin zaman Bahaushe, magini ba ya cikin waɗanda ake ɗagawa, kuma ɗansa ya san da haka tun yana ƙarami.

Abin da ya faru a Abuja ta da

Ba mu ne na farko da tunanin keke ya zo wa ba. A farkon shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, aiki, ya zagaya ƙasa yana duba yumɓu da magina, ya zaɓi Abuja ya kafa cibiyar koyar da ginin tangaran, wadda ta fara aiki a 1952. Dalilan zaɓensa abin lura ne gare mu: akwai yumɓu mai kyau, akwai ruwa, akwai itace mai yawa, ga kuma goyon bayan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda shi kansa mai tara tukwanen ƙasarsa ne. A gidan sarkin ne Cardew ya ga aikin Ladi Kwali.

Ladi ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta zo ne tana ƙwararriya, domin tun tana yarinya ta koyi gini da hannu a wurin wata 'yar'uwar iyayenta a Kwali, ƙasar Gwari. A cibiyar ta koyi keke, ta yi kwanoni da farantai da kofuna da shi. Amma manyan tulunan da suka kai sunanta Landan da Amurka, da hannu ta ci gaba da gina su, yadda aka koya mata a gida. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, yau hotonta na bayan takardar naira 20. Mafi shaharar ɗalibar makarantar keke a Nijeriya, hannunta ya riga ya faɗa kafin ta taɓa keken. Wannan ita ce hujjata ta farko.

Ta biyu tana jikin tulunan nata. Da aka gina su da yumɓun cibiyar, aka shafa musu ruwan ƙyalli, aka gasa su a tanderu mai tsananin zafi, sai suka yi kyau ƙwarai, suka yi nauyi, suka kuma daina tsattsafo. Tulun da ba ya tsattsafo ba ya sanyaya ruwa. Sun bar tsakar gida sun koma ɗakunan ajiye kayan tarihi da falon masu kuɗi. Ba raina wannan nake yi ba, fasaha ce babba kuma ta ciyar da mutane. Amma mu sani wani abu ne daban aka samu, ba gyararren tulu ba. Cardew da kansa ya sha yabon ginin gargajiyar Nijeriya, bai ɗauka cewa ya zo ya maye gurbinsa ba. Ya bar cibiyar a 1965. Daga cikin waɗanda suka koya a can an samu irin su Danlami Aliyu, kuma zuriyar wannan aiki ce ta haifar da wurare irin na Maraba kusa da Kaduna. Kasuwarsu mafi yawa ta 'yan birni ce da baƙi.

A gefe guda kuma ga Mohammed Bah Abba, wanda ya yi malanta a Dutse ta Jihar Jigawa, ɗan gidan magina. Ya ɗauki tukwane 2 na gargajiya, ƙarama cikin babba, ya zuba jiƙaƙƙen rairayi a tsakaninsu, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan na fita ta jikin tukunyar waje yana tafiya da zafi, kayan lambun da ke ciki su daɗe ba su lalace ba. An ruwaito cewa gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Wannan ya jawo masa kyautar Rolex a 2000. Abin da ya yi aiki da shi shi ne tsattsafon nan da tanderu ke kashewa, kuma a ƙuruciya ya san shi.

Keke ba ya zuwa shi kaɗai

Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka da an sayo keke an gama. Yumɓun magina mai tsingaro da ƙaiƙayi ba ya hawa keke: zai kankare tafin yaro, ya yage ana cikin ja. Keke na son ƙasa mai laushi da danƙo, wadda aka jiƙa, aka tace, aka bari ta kwana biyu. Ita kuma wannan ƙasar ba ta jure wutar matoya, mai tashi farat ɗaya. Tsakin da magini ke zubawa shi ne ke ba tururi hanyar fita, shi ne kuma ke sa tukunya ta zauna kan murhu shekara da shekaru ba ta tsage ba. Idan aka cire shi sai an gina tanderu mai ɗaukar zafi a hankali.

Wutar matoya tana tsakanin digiri 600 zuwa 900 a ma'aunin Selsiyas, kuma kara da kashin shanu sun isa. Tangaran irin na Abuja yana son 1,200 zuwa 1,300, wutar da ake ciyarwa da itace sa'o'i masu yawa ba tsayawa. Cardew ya je inda daji yake. Daura tana cikin yankin da ake dasa itatuwa don tare hamada. Duk shirin da zai sa makaranta ta riƙa sayen lodin itace domin yara su gasa kofuna, bai dace da wannan ƙasa ba, kuma ba zai wuce shekarar da kuɗin tallafi suka ƙare ba. Gas na yiwuwa, amma sai an lissafa kuɗinsa a kan kowane kofi kafin a aza tubalin farko. Jihar Katsina tana da farar ƙasa a Kankara, wadda ake haɗa tangaran da ita, sai dai ita ma ɗauko ta za a yi daga nesa.

Akwai hanyar da wasu ke bi don guje wa tsadar wuta: ruwan ƙyalli mai narkewa da ƙaramin zafi, wanda galibi da dalma ake haɗa shi. Ina roƙon mu fito fili mu ce a'a. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu ta dalilin ƙurar duwatsun zinare. Dalma ba ta da wurin zama a ɗakin da yara ke aiki, balle a cikin kwanon da za a ci abinci. Haka ma ƙurar busasshen yumɓu tana cutar da huhu in an daɗe ana shaƙa, don haka da ruwa ake goge ɗakin, ba da tsintsiya ba.

Sai jikin yaron kansa. Valentine Roux da Daniela Corbetta sun yi nazarin 'ya'yan magina masu keke a Indiya, suka buga sakamakon a 1989. Sun gano cewa ƙwarewa a keke na ɗaukar kimanin shekara 10, mataki bayan mataki, alhali gini da hannu ana kama shi cikin lokaci kaɗan. Dalilin shi ne keke na son hannu biyu su yi aiki daban-daban a lokaci guda, damtse a kafe, ƙafa kuma tana nata aikin. Daidaita curin a tsakiyar faifai kaɗai yana son ƙarfin da ɗan shekara 7 ba shi da shi. Yaron da aka ɗora kan keke mako 6 aka ba shi takardar shaida, an nishaɗantar da shi, amma ba a ba shi sana'a ba. Wanda kuma ya riga ya san laushin ƙasa da kaurin bango daga gida, ya shigo da rabin karatun a hannunsa.

Tsarin da ya dace da Daura

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9 na karatun farko, kuma a manhajar akwai darasin al'adu da fasaha. Ƙofar a buɗe take, sai dai a makarantu da yawa darasin ya tsaya kan zanen tukunya a allo. Shawarata ita ce a firamare a bar keke gaba ɗaya. A kawo magini ko magina daga unguwa ko ƙauyen da makarantar take, da rani, lokacin da ƙasa ke bushewa da wuri kuma babu aikin gona. Yara su yi asusu, kaskon turare, ƙaramar tanda, tukunyar shuka. Kayan nan suna da masu saye a kasuwannin Daura da Mai'adua da Zango, kuma yaron da ya sayar da asusun da ya gina da hannunsa ya fahimci abin da ba a iya faɗa masa da baki. A kai kayan matoyar malamar tasu a gasa tare da nata, yara na kallo daga nesa.

Keke ya shigo a ƙaramar sakandare, daga shekara 12 zuwa sama, ga waɗanda suka nuna sha'awa, ba ga aji duka ba. Ya kasance na ƙafa, wanda mai walda a cikin gari zai iya haɗawa da boris ɗin mota da faifan siminti, ya kuma gyara shi in ya lalace. A fara da kayan da ba sa son ƙyalli: tukwanen fure, butar ruwa, marfi, masakin tsirrai na masu rainon itatuwa. Ƙaramin tanderu na bulo mai cin kara ya ishe su. Tangaran mai ƙyalli a bar shi ga manyan makarantu, irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, inda za a iya tara masu koyo da yawa a kan tanderu guda.

Abu biyu ne za su sa wannan ya tsaya ko ya faɗi. Na farko, matsayin maginin a makaranta. Idan aka kira tsohuwa ta zo ta yi nuni ranar bikin al'adu, aka sallame ta da kuɗin mota, yara sun ga darajar da aka ba ta, kuma ita za su ba sana'ar. A sa ta cikin jadawali, a biya ta a kan kowane darasi, yara su miƙe in ta shigo, su kira ta Malama. Da tsohuwar zuma ake magani. Rashin takardar shaida ba hujja ba ce, domin malamin aji yana nan ya riƙe rajista da tsari, ita kuma ta riƙe yumɓu. A kuma rubuta a fili cewa yaro ba ya shiga ramin haƙar ƙasa, domin ramukan kan rufta, kuma ba ya kusantar wuta.

Na biyu shi ne ramin kansa. Garuruwanmu na faɗaɗa, ana yanka filaye, fadamun da ake ɗibar yumɓu suna komawa gidaje ko gonakin rani. Magini ba shi da takardar mallakar wurin da kakanninsa suka haƙa, yardar mai unguwa da dagaci ce kawai. Wannan aiki ne da masarauta za ta iya yi ba tare da jiran kasafin kuɗi ba: hakimai su sa dagatai su nuna wuraren ɗibar yumɓu a ƙasashensu, a auna su, a rubuta su a ofishin filaye na ƙaramar hukuma a matsayin wuraren jama'a, kamar yadda ake yi wa burtali da mashaya. Ya kamata a kammala wannan kafin a sayi keke ko guda.